Kada A Zuba Hunturu A Akwatin Zuwa Tsibiri

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu hunturu ke cin kasuwarsa a ƙasar Hausa. Hazo ya rufe Kano da Katsina da Damagaram, leɓɓa suna tsagewa, ruwan alwalar asuba sai an ɗora shi a wuta. A daidai wannan lokaci ne kuma masu hali ke ɗaukar hutun ƙarshen shekara, wasunsu su nufi tsibiran Tekun Indiya. Cikinsu akwai angwaye da amarensu, akwai ma'aikatan da suka shekara suna tari, akwai 'yan uwanmu mazauna Ingila da Kanada da ke neman inda za su sha rana su huta da ƙanƙara. Zanzibar tana cikin wuraren da sunansu ya fi yawo a bakin irin waɗannan matafiya, don haka da ita zan kafa misali.

Maganata guda ɗaya ce. Da yawanmu muna haɗa akwati ne da tunanin garin da za mu baro da kuma idon waɗanda za su kalli hotunanmu, alhali yanayin inda za mu sauka da mutanen da za mu tarar a can su ya kamata su tsara mana abin da za mu ɗauka. Wanda ya gane haka zai tafi da kaya kaɗan, jikinsa ya sake, ya fita kunyar masu masaukinsa, ya kuma dawo da tsarabar da ta amsa sunanta.

Mu fara da zafi. Bahaushe yana ganin babu mai koya masa zafi, tunda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke haura digiri 40. Sai dai zafinmu busasshe ne. A cikin hunturu kuwa laimar da ke iskar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa wankin safe ke bushewa tun kafin azahar. Zanzibar tana wajen digiri 6 kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokacin sanyinmu shi ne lokacin zafinsu. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda suke kira kaskazi, ma'auni yakan wuce digiri 30 da rana, laima kuma takan kai kashi 70 zuwa 80. Lambar ba ta kai ta Sakkwato ba, amma jiki ya fi jin ta. Dalili kuwa shi ne, jikin ɗan Adam yana huce kansa ne idan gumi ya bushe a kan fata. In iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin ba shi da inda za shi, sai ya zauna a jiki, tufa ta manne, mutum ya yi ta haki ko da a inuwa yake.

Da wannan kaɗai rabin abin da muka saba cusawa a akwati ya fita. Shadda mai sitaci da ta sha bugu, babbar riga mai aikin hannu, leshi mai duwatsu, hijabin roba mai santsi, wandon jins mai kauri, duk kayan ƙasa mai busasshiyar iska ne. A bakin teku suna riƙe gumi, in an wanke su sai su kwana biyu ba su bushe ba, sannan su ne ke cinye kilo. Abin farin ciki shi ne ɗinkinmu ba ya buƙatar gyara. Kaftani mai faɗi, jallabiya, wando sakakke, doguwar rigar mata, duk an yi su ne don iska ta ratsa. Yadin kawai za a sauya: auduga zalla, ko lilin, ko boyal mara nauyi, ko atamfa marar kauri, kuma a fi karkata ga launi mai haske. Mai kwana bakwai kala huɗu ko biyar sun ishe shi, domin tufar auduga marar kauri in an ɗauraye ta da yamma aka shanya inda iska ke bi, za a iya sa ta washegari. Mace ta riƙe mayafin auduga biyu ko uku, namiji ya riƙe hula ɗaya marar nauyi da malafa ko wata hular da za ta kare masa fuska da ƙeya.

Haka abin yake a kayan shafa. Basilin da man kaɗanya mai kauri su ne garkuwarmu a hunturu, amma a wurin da fata ba ta rabuwa da gumi suna toshe ƙofofinta, sai ƙurajen zafi su feso, musamman ga yara. Mai mara nauyi ya wadatar. Wanda ya kamata ya maye gurbinsu shi ne man kariya daga rana, wanda da yawanmu ke ɗauka na Turawa ne kawai. Gaskiya ne baƙar fata tana da kariyarta, amma ranar da ke saukowa a tsaye, ta bugi farin rairayi da ruwa ta dawo kan mutum, tana ƙona kafaɗa da hanci da bayan wuya ko da mutum baƙi ne. Masu shafa man bilicin su suka fi kowa shiga haɗari, domin waɗannan mayuka suna rage sinadarin da ke ba fata launinta, wanda shi ne kariyar, wasu kuma suna sirantar da fatar kanta. Wajen zaɓen man, a duba abin da aka haɗa shi da shi. Jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da masu ɗauke da wasu sinadarai biyu tun farkon 2021, saboda illar da ake danganta su da ita ga murjanin da ke ƙarƙashin teku. Zanzibar ma da murjani ta dogara, gare shi kifi ke taruwa, da kifin kuma dubban gidaje ke ci.

Duk da haka kada a bar rigar sanyi gaba ɗaya. Guda ɗaya ake buƙata, kuma a jiki za ta yi tafiyar. Wanda zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a Janairu zai iya barin gida cikin sanyin da ke sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka. In ta Adis Ababa zai bi, birnin yana kan tudun da ya haura mita 2,300, kuma dararensa na Disamba da Janairu sukan sauka ƙasa da digiri 10. Cikin jirgi ma akwai sanyi. Suwaita ɗaya da safa sun biya wannan buƙata, da dawowa kuma su ne za su tarbi mutum idan ya sauka cikin hazo. Mai tasowa daga Landan ko Toronto ya sa tufafi marasa kauri biyu ko uku bisa juna, waɗanda zai riƙa cirewa a hanya, ya bar ƙatuwar kwat a hannun wanda ya rako shi filin jirgi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma ya fi damuna. Wasu da zarar sun ji an ce tsibiri sai su ɗauka wuri ne da aka ɗage wa mutane kunya. Sun ga hotuna a Instagram, sai su tafi kasuwa su sayo irin tufafin da ba za su iya tsayawa da su a ƙofar gidansu ba. Zanzibar gari ne na mutane. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, sun kusa miliyan 1.9, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, cike yake da masallatai da makarantun allo da gidajen da iyalai ke zaune a ciki. Mazansu suna sa kanzu da kofia, wato doguwar farar riga da hula mai aiki, matansu suna lulluɓi da kanga ko baƙar buibui. Baƙin da suka shiga tsibirin a 2023 sun haura 600,000, kuma tun kafin nan shigar wasu baƙi ta dami mutanen gari har gwamnati ta fitar da ƙa'idar sutura a 2021, ta ce a rufe kafaɗa da gwiwa a cikin jama'a, ta kuma sa tara ga masu saɓawa. Bahaushe da Bahaushiya sun isa can da wata riba da Bature sai ya koya: shigarsu ta yau da kullum ita ce shigar da masu gari ke girmamawa. Babban rashi ne mutum ya ajiye wannan a gida, ya je ya zama cikin waɗanda ake kawar da kai idan sun wuce. Baƙo raɓa ne, in ji magabata, gobe zai tafi, amma abin da ya bari a zukatan mutane game da ƙasarsa yana nan.

Na san abin da za a ce. Mu mutane ne masu son kwalliya, tufa tana cikin mutuncinmu, kuma wanda ya kashe miliyoyi ya je hutu yana da haƙƙin ya fito fes a hoto. Ban musa ba. A ɗauki kaya masu kyau kala ɗaya, na zuwa masallacin Juma'a ko na cin abincin dare a wuri na musamman. Abin da nake ƙi shi ne a mai da tafiyar gaba ɗaya bikin sauya kaya, kala uku a yini, kowace da takalminta da jakarta. Mai irin wannan shiri a ɗaki zai ƙare hutunsa, tsakanin guga da madubi, yayin da jiragen ruwa masu filafilai ke fita da hantsi, kasuwar Darajani ke cika, 'yan birai masu jan baya ke tsalle a dajin Jozani. Kuɗin da aka kashe masu yawa ne, shi ya sa ma bai kamata a ɓatar da kwanakin wajen hidimar tufafi ba.

Teku kuma yana da nasa sharuɗɗan, kuma mu mutanen tudu ne, da yawanmu ba mu iya iyo ba. A gabar gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa sau biyu a yini sannan ya dawo. In ya janye, mata suna shiga gonakinsu na ciyawar teku, baƙi kuma su bi sahu suna yawo a kan duwatsun murjani masu kaifi, inda wata halittar ruwa mai dogayen ƙayoyi ke ɓuya a ramuka. Takalmin roba mai rufe ƙafa ya fi duk wani takalmin ado amfani a nan. Silifas ɗaya da takalmin tafiya ɗaya su cike lissafin, domin lungunan tsohon birni da ƙafa ake bin su. Matar da ke son shiga ruwa ta nemi kayan iyo masu rufe jiki da aka ɗinka don haka, suna nan a kasuwa. Shiga teku da abaya ko dogon hijabi haɗari ne na gaske: yadin yana shan ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafafu, igiyar ruwa ta ja shi. Duk wanda zai hau kwalekwale, babba ko yaro, ya tabbatar an ba shi rigar kariya kafin a tashi, kuma ya ɗaura ta. Ƙaramar jaka marar shan ruwa za ta tsare waya da kuɗi.

Akwai kayan da ba su da nauyi amma in babu su tafiyar ba ta yiwuwa. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. A gama maganar biza kafin a biya kuɗin otal. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai fitowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, wanda ya taɓa yi ya nemo katinsa kawai. Daga 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta na gwamnati, a kan dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata inshorar. A buga duk waɗannan a takarda, a kuma ajiye hotonsu a waya. Dalar da za a riƙe ta zama sabuwar bugawa marar yagewa, domin masu canji sukan ƙi tsofaffi, sannan a canza wani abu zuwa shilin na Tanzaniya don cefanen yau da kullum.

Hazon hunturu yakan hana jirage tashi ko sauka a filayen arewa, jinkirin awa biyu a Kano kuma yana iya sa mutum ya rasa jirginsa na gaba, ko shi ya isa akwatinsa bai iso ba. Saboda haka jakar hannu ta ɗauki abin da zai riƙe mutum yini biyu: tufa kala ɗaya, buroshi, caja, da dukkan magungunan da yake sha kullum, na hawan jini ko na sukari, a cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita. Fawa-banki ma a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga akwatin da za a auna ba. Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Soket ɗin Zanzibar mai baki uku ne irin na Najeriya, mutumin Kano ba ya buƙatar komai, amma na Maraɗi ko Yamai mai caja mai ƙafa biyu zagayayyu ya riƙe mahaɗi. A sa maganin shafawa na korar sauro. Zanzibar ta yi nasarar rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai, amma bai ƙare ba, kuma wanda ya daɗe a Turai jikinsa ya rasa sabon da ya yi da cutar tun yana yaro, don haka ya ga likita kafin ya tashi.

Wasu kayan namu kuwa gara su zauna a gida. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 1 ga Yunin 2019, Zanzibar ma ta riga ta da shekaru, mu kuma mun saba naɗe takalmi da sabulu da komai a baƙar leda. A nemi jakar yadi. Ƙananan ledoji masu zif na kayan wanka su aka yi wa rangwame. Jakar Gana-mas-go ma kamfanin jirgin Habasha ya sanar da daina karɓar ta a 2023, saboda yadda take maƙalewa a na'urar jigilar kaya. Gawayin turaren wuta mai kamawa da kansa yana cikin abubuwan da ba a yarda su hau jirgi ba. Humra a kwalbar gilashi in ta fashe ta gama da duk abin da ke akwatin, a ɗura kaɗan a ƙaramar roba mai murfi. Kilishi da dambun nama kuwa, ƙasashe da dama suna da tsauraran dokoki kan shigo da nama, kuma wanda ya je tsibiri ya kamata ya ba cikinsa dama. Da magariba a lambun Forodhani ana gasa kifi da jatanlande, ana matse rake da citta da lemun tsami, ana zuba urojo, wani romo mai tsami da dankali a ciki. Abincin garin na Musulmi ne, babu dalilin da mutum zai yi guzurin garin kwaki kamar mai shiga daji.

Darduma marar nauyi ta samu wuri a akwati. Ga kuma abin da ya kamata a sani tun daga gida: Zanzibar da Makka kusan a kan layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, don haka alƙibla a can arewa take. Wanda ya saba kallon mafitar rana ya daidaita sahu zai kauce nesa idan bai tambaya ba. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. A shekarun nan kuma azumi yana matsowa cikin watannin sanyi, mai shirin tafiya a Fabrairu ya duba kalanda, domin garin yana sauya tafiyarsa gaba ɗaya a Ramadan.

Abu na ƙarshe da za a shirya shi ne wurin da za a bari babu komai. Kashi ɗaya cikin uku na akwatin ya tafi a sake. Kanumfarin da muke jefawa a zoɓo da kunu da shayi yana da tarihi mai tsawo a waɗannan tsibirai. Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840, shi ya bunƙasa nomansa, da ƙarfin bayi aka yi wannan noma, kuma har yau Pemba ce ke fitar da mafi yawansa. Wanda ya sayi kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi a Darajani, ya ɗauko wa iya da inna turmin kanga, ya sayo wa baba kofia ɗinkin hannu, ya kawo tsarabar da babu irinta a Kantin Kwari, ya kuma bar kuɗinsa a hannun manomi da maɗinki da mai tebur. Wannan yana da muhimmanci, domin yawancin abin da baƙo ke kashewa a manyan otal-otal ba ya isa ga talakan gari. Abin da ba a ɗaukowa shi ne murjani da ƙoƙon kunkurun teku da makamantansu. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare su, ana iya ƙwace su a filin jirgi, kuma kowane ɗaya da aka saya kira ne ga wani ya koma ruwa ya ciro wani.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma sai ga wanda ya tafi da niyyar gani da saurare. Mutumin da ya cika akwati biyu da garinsu ya riga ya yanke cewa babu abin da zai karɓa a inda za shi. Shawarata ga duk mai shiri a wannan hunturu ita ce ya baza kayansa a kan gado tun saura mako guda, ya ɗaga kowane ɗaya ya tambayi kansa: zafin can zai bar ni in sa wannan, kuma zan iya gaida dattijon gari da shi a jikina? Wanda ya haye tambayoyin nan biyu ya shiga akwati. Sauran a mai da su durowa, bikin Sallah yana tafe. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.